Goron Gwanja da Kokon Kurmi: Labarin Bin Sawun Kaya

Lolo gari ne a ƙasar Illo, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, kusa da Kogin Kwara. In mutum ya fita garin ya ɗan taɓa tafiya sai ya faɗa Madikali, ya shiga ƙasar Benin ke nan, wadda dā ake kira Dahome. Gaba kaɗan ga Malanbil da babbar kasuwarta, ga kuma gadar da ta haye zuwa Gaya ta ƙasar Nijar. Duk wanda ya taɓa biyowa da kaya ta irin wannan wuri ya san tambayar da ake fara yi masa, watau daga ina kayan nan suka fito. Tambaya ce tsohuwa ƙwarai, ta girmi iyakar kanta. Abin da ya sa muka tayar da ita yanzu shi ne, a shekarar 1923 da ɗari a kai, watau 2023, ƙasashen Tarayyar Turai sun kafa wata doka wadda ta ce ba su sayen koko sai an nuna musu gonar da ya fito.

Kada mai karatu ya ɗauka kokon da ake damawa a sha da ƙosai muke nufi, ko kuwa garin Koko na hanyar Yawuri. Wannan wani itace ne na ƙasar kurmi, da 'ya'yansa ake yin cakulan da garin da ake zubawa cikin madara. Ba ya fita a ƙasar Kebbi ko ɗaya, don yana son ruwa mai yawa da inuwa. To, ina ruwan mutumin Lolo da shi? Sai mun koma baya mun bi hanyar Gwanja tukuna sa'an nan amsar za ta fito.

Tun kafin Fulani su yi jihadi Hausawa ke fataucin goro. Tarihin sarakunan Kano ya nuna an buɗe hanyar Gwanja tun wajen zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452. Amma fataucin bai kai matuƙar ƙarfinsa ba sai bayan jihadin 1804. Dalili kuwa a fili yake. Malamai sun hana giya, sun tsananta a kan taba, amma ba wanda ya hana goro. Sai ya zama shi ne abin baƙunta, shi ne na ɗaurin aure da suna, shi ne sarki ke rabawa in an zo gaisuwa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi kowa shahara da wannan sana'a. Dakta Barth, Baturen nan da ake kira Abdulkarim, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta kayan jaki fiye da 500 na goro ke shiga birnin ko wace shekara, kuma kaya ɗaya in ya iso lafiya yakan yi wuri 200,000.

Hanyoyin ba guda ba ne. Ayarin da ya taso daga Kano yakan gangaro ta ƙasar Zazzau ya ƙetare Kwara wajen Yawuri ko Busa ko ƙasar Nufe, ya bi ta Nikki. Na Sakkwato da Gwandu kuwa yakan taru a Jega, wadda ita ce babbar kasuwar yamma a zamanin, ya zo ya haye kogi a Gaya ko a Giris, mashigin Illo. Daga nan sai Kandi, sai Zugu, ko kuwa a karkata ta ƙasar Gurma a faɗa Sansanin Mango, sa'an nan Yandi, sa'an nan Salaga. Illo tsohon gari ne na Bargu. Bisa ga labarin da mutanen ƙasar ke bayarwa, Busa da Nikki da Illo 'yan'uwa ne, zuriyar Kisra suka kafa su. Saboda haka wannan ƙasa da Lolo ke ciki ƙofa ce tun fil azal, ta nan ake fita ƙasar Hausa a shiga Bargu.

Ayarin ba ƙaramin abu ba ne. Kyaftin Clapperton ya gamu da wani a Kayama cikin 1826 yana komowa daga Gwanja, ya ce mutanensa sun haura dubu, maza da mata, dabbobin kaya kuma kamar haka. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki na kula da biyan kuɗin hanya da tattara na baya, ga kuma malamin ayari mai duba ranar tashi da rubuta lissafi. Suna fita da kanwa, da turkuɗi da sauran tufafin Kano, da jan fata, da gabu, da gishirin Foga wanda ake dafawa can arewa da Gaya, da dawaki, da bayi kuma, don ba a ɓoye wannan. Zuwa da komowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Ko wane sarki aka ratsa ƙasarsa sai an biya shi, ko wane kogi sai an ba da fito. Bargawa kuwa sun yi suna wajen tare hanya, har madugu yakan gwammace ya biya sarki da yawa don ya ba shi 'yan rakiya.

Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne yadda mutanen nan suka san kayansu. Goro abu ne mai rai, ba ya son zafi, ba ya son iska. Akan ƙunshe shi cikin ɗanyen ganye, a ɗaure cikin huhu ko waga, kuma bayan 'yan kwanaki sai an kwance a zango, a tsince wanda sankara ta kama, a yayyafa ruwa, a sāke ƙunshewa. Wanda ya yi wata uku yana wannan aiki ya san ko wane huhu kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Da ayari ya iso Jega ko Kano, ba kai tsaye ake kai kaya kasuwa ba. Farke yana da maigidansa, watau fatoma, wanda ke saukar da shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in za a ba da bashi. Dillali kuma na cin lada. In an sayi kaya aka tarar da algus, ba a neman farken da ya riga ya kama hanya, fatoma ake riƙewa, shi kuwa ba ya son sunan gidansa ya ɓaci. Ga kuma idon masu sana'a. Ana ƙirga goro da ƙwarya, watau ɗari ɗari, ana raba shi goriya da marsa da minu bisa ga girmansa. An san daushe, an san sabo. An san ɗan Laɓoji na ƙasar Nufe, wanda sarakuna ke nema, an san hannunruwa mai yauƙi wanda ba ya daraja a Hausa. Tsohon dillali in ya ɓare goro ya ɗanɗana, sai ya gaya maka wajen da ya fito.

Amma ka lura da wani abu. Wannan sani duka yana da iyaka, iyakarsa kuwa Salaga. Goron da muke kira na Gwanja ba a Gwanja yake fita ba. Itatuwansa suna can kudu, cikin kurmin Asanti, ƙasar da Hausawa ke kiran mutanenta Tonawa. Sarakunan Kumasi ba su yarda baƙin fatake su shiga kurmin ba. Mutanensu ke ɗauko goro a kā su kawo kasuwannin bakin daji, fataken sarki su fara sayarwa tukuna sa'an nan na talakawa. Saboda haka Bahaushe yakan yi shekara talatin yana fataucin goro bai taɓa ganin itacensa ba. Sunan kasuwa ya danne sunan gona. Mu ma an yi mana haka. Fatar jar akuyar Sakkwato da ake jemewa a Kano ta riƙa ƙetare Hamada ta isa Turai ta hannun Larabawa, Turawa suka sa mata suna fatar Maroko, har yau kuwa sunan bai fita ba.

Hanyar Gwanja ta fara lalacewa daga can ƙarshenta. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi suka ƙone ta, mutanen Salaga suka yi wa Tonawa tawaye, su kuwa suka karkatar da goronsu zuwa Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake suka bazu, waɗansu suka koma Karachi ta bakin Kogin Bolta. Cikinsu har da Alhaji Umaru, babban malamin nan mai waƙoƙi, wanda aka haifa a Kano a 1858, asalin iyayensa kuwa Kabawa ne. A can ya zauna har ya rasu a 1934.

Ta wannan gefe kuma sai ga Turawa suna tsere. A watan Nuwamba na 1894 Kyaftin Lugga, yana aikin Kamfanin Kwara, ya riga Bafaranshe Decoeur isa Nikki da 'yan kwanaki, ko wannensu ya fito da takarda ya ce sarki ya ba shi ƙasa. A 1897 sojan Faransa suka zo suka zauna Illo da Busa, har aka yi kusa a gwabza. Daga bisani aka sasanta a birnin Faris ran 14 ga Yuni 1898. Faransa ta ɗauki Nikki, Ingila ta ɗauki Busa da Illo, aka ce iyaka za ta taɓa Kwara mil 10 sama da tsakiyar garin Giris. Wannan layi shi ne ya ratsa tsakanin Lolo da Madikali. Mutanen da ke yare ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Fulani, suka wayi gari rabinsu na Ingilishi rabinsu na Faransa. Daga baya kuma aka cire Illo daga Bargu aka haɗa ta da Gwandu. Gwamna Lugga ya ɗora wa ayari kuɗin hanya, ana biya ana karɓar takarda, har aka soke shi a 1907. Nan ne farkon inda takarda ta soma tsayawa a madadin bakin madugu.

Abin da ya ƙarasa hanyar kuwa jirgi ne. Fatake suka gane in sun kai goro Ankara ko Sakandi suka zuba a jirgin ruwa, cikin 'yan kwanaki yana Ikko. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, tafiyar wata uku ta koma ta mako biyu ko ƙasa da haka. Alhasan Ɗantata, Ba'agale ne na Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara bin wannan sabuwar hanya, kafin ya komo Kano ya shiga sayen gyaɗa. Sa'an nan kuma Yarbawa suka karɓi irin goron Gwanja suka shuka a Agege da Otta da Shagamu, sai ga unguwannin Sabo sun cika da Hausawa masu ƙunsa. Zangon Illo ya yi shiru.

To, a daidai wannan lokaci ne koko ya shigo. Asalinsa Amurka ta Kudu. Turawan Fotugal da na Sifen suka kawo shi tsibiran bakin tekunmu, daga tsibirin Farnando Po kuma wani maƙeri mutumin Ankara, Tetteh Quarshie, ya komo da irinsa a 1879 ya shuka a Mampong. Kafin 1911 ta wuce Gwalkwas, watau Gana ta yau, ta fi ko wace ƙasa ta duniya fitar da koko. A Nijeriya ma wajen 1880 aka soma gonakinsa kusa da Ikko, ya bazu Agege da Badun da Ife da Ondo. Sau da yawa a gona ɗaya za ka ga koko da goro suna tsaye tare.

Halin itacen nan shi ne tushen maganar duka. Koko ya fi son sabuwar ƙasa wadda aka sare kurmi yanzu, mai taushi da taki na ganyen shekaru aru-aru. Yakan fara 'ya'ya bayan shekara uku zuwa biyar, ya yi ta bayarwa, amma in ya kai shekara 25 ko 30 sai ya soma ja da baya, ƙasa ta gaji, cuta ta shigo. Sāke shuka a tsohuwar gona yana da wuya da tsada. Ya fi sauƙi manomi ya ƙara gaba ya sari sabon kurmi. Haka noman ya yi ta tafiya kamar wutar daji, daga Akwafim zuwa Akim, zuwa Asanti, zuwa yammacin Gana, balle da cutar kumburin reshe ta bayyana a 1936. A Kwaddibuwa Shugaba Houphouët-Boigny ya ba da ƙofa cewa ƙasa ta wanda ya noma ta ce, mutane suka kwararo daga arewa, har ƙasar ta wuce Gana wajen ƙarshen shekarun 1970. Ita da Gana su ke noma wajen kashi 60 cikin 100 na kokon duniya. Kuɗin da aka biya kuwa shi ne, Kwaddibuwa ta rasa fiye da kashi huɗu cikin biyar na kurminta.

Hannun mutanenmu na cikin wannan aiki. Bayan ayari ya mutu, jikokin fatake ba su daina zuwa Kurmi ba, sai dai sun koma 'yan ci-rani. Zabarmawan Doso da Gaya, da Hausawa, da Mosawa, su ne masu saran daji, masu dakon buhu daga gona zuwa bakin hanya, waɗansu kuma suka riƙe gonaki bisa sharaɗin a raba amfani uku su ɗauki ɗaya. Da yawa sun zauna can har gwamnatin Busia ta kori baƙi a 1969.

Game da sanin asalin kaya, zamanin koko ya zo da nasa tsari. A 1937 manoman Gwalkwas suka ƙi sayar wa kamfanonin Turawa, don sun haɗa baki a kan farashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947, aka kafa hukumar cinikin koko a Nijeriya da Gwalkwas, irin wadda aka yi wa gyaɗa a 1949, wadda dattawanmu suka sani da ejan-ejan da dalar Kano. Ma'aikacin duba amfani yakan soki buhu, ya yanka 'ya'yan ya duba, ya ba da lamba, ya buga hatimi. Da aka ƙara wa lamba ɗaya kuɗi, cikin 'yan shekaru kusan duk kokon Yamma ya zama lamba ɗaya. Da ribar wannan hukuma Gwamnatin Jihar Yamma ta yi ayyuka da yawa, dogon benen nan na Badun da ake kira Gidan Koko, wanda aka gama a 1965, shaida ne. Amma hatimin nan kyaun kaya yake faɗi, da tashar da aka auna shi. Bai faɗi gona ba. A 1986 kuma Nijeriya ta rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya. Gana ta riƙe tata. Tun daga sa'an nan kokon Nijeriya yakan bi hannu da yawa: ƙaramin mai saye ya zaga ƙauyuka da sikeli, ya tara na mutum goma a buhu ɗaya, ya kai wa ejan, ejan ya gauraya da na waɗansu ya kai wa mai fitarwa a Ikko, daga nan sai jirgi, galibi zuwa Holan.

Yanzu ga dokar Turai. Ta fara aiki a takarda ran 29 ga Yuni 2023. Ta shafi abu bakwai: koko, da kofi, da manja, da roba, da waken suya, da katako, da shanu, har da abubuwan da ake yi da su. Hujjarsu ita ce, Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta duniya ta rasa hekta miliyan 420 na daji tsakanin 1990 da 2020, su kuwa suna cikin manyan masu sayen abin da ake sare dajin dominsa. Dokar ta ce duk wanda zai shigar da waɗannan kaya kasuwarsu sai ya tabbatar ba a noma su a ƙasar da aka sare daji bayan 31 ga Disamba 2020 ba, kuma an noma su bisa dokokin ƙasar da suka fito. Tabbatarwar ba da rantsuwa ba ce. Sai an je gonar da na'ura, ko wayar hannu, an ɗauki lambobin da ke nuna daidai inda take a bayan ƙasa. In ta wuce hekta 4, watau wajen eka 10, sai an zaga iyakarta duka an zana. Sa'an nan a gwada da hotunan da tauraron ɗan adam ya ɗauka, a ga ko wurin daji ne a ƙarshen 2020. Kamfanin da ya karya doka ana iya cin sa tara har kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara a Turai, a kuma ƙwace kayan. Abin da ya fi tsanani shi ne, in an gauraya kayan da aka san gonarsu da waɗanda ba a sani ba, duka sun ɓaci.

An so a fara tilastawa ran 30 ga Disamba 2024. Ƙasashe masu noma suka yi kuka, kamfanonin Turai su ma suka ce ba su shirya ba, aka ɗaga shekara guda. A Disamba 2025 aka sāke ɗagawa, aka sa 30 ga Disamba 2026 ga manyan kamfanoni, 30 ga Yuni 2027 ga ƙanana. A 2025 kuma aka kasa ƙasashe kashi uku bisa ga haɗarinsu, aka sa Gana cikin masu ƙaramin haɗari, Nijeriya da Kwaddibuwa cikin matsakaita. Kafin wannan Kwaddibuwa ta riga ta ƙirga manomanta, kusan miliyan guda, ta soma raba musu kati. Gana ta shirya nata tsarin bin buhu daga gona. A Nijeriya kuwa, da yake babu hukuma guda mai saye, kamfanonin fitarwa su suka ɗauki yawancin aikin auna gonaki a Ondo da Oshun da Kuros Riba.

A ganina dokar tana da gaskiya ta wani gefe. Ana noman koko cikin gandun daji na gwamnati, kamar na Omo a Jihar Ogun, inda sauran giwayen kurmi suka rage, kuma alkawuran da kamfanonin cakulan suka yi ta yi da bakinsu, har da na 2017, ba su tsayar da gatari ba. Amma nauyin ya faɗa kan wanda ya fi kowa rauni. Manomi mai eka biyar wanda ya gāji gonarsa, ko ya karɓe ta aro ko jingina, ba shi da takarda ko ɗaya da zai nuna. Wanda ya kyauta ya bar manyan itatuwa suna yi wa kokonsa inuwa, daga sama gonarsa kama da kurmi take, sai ya zama shi ne abin zargi. Wanda ke can ƙurya inda mota ba ta zuwa, ba a auna gonarsa ba, mai saye zai tsallake shi ko ya karya masa farashi. Kuma ba a rasa masu cewa, Turawa sun gama cinye nasu dajin tun tuni, yanzu suke yi wa na wasu gadi. Maganar tana da ɗaci, amma ba ta mai da itacen da aka sare.

Inda dokar za ta fi shan wuya kuwa shi ne bakin iyaka, nan kuma mutumin Lolo ya fi malaman Turai sani. Kaya ruwa ne, gangare suke bi, gangarensu kuwa farashi. A 2024 kuɗin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 ko wane tan, alhali Gana ta ƙayyade wa manomanta abin da bai kai rabin haka ba. Sai buhuna suka riƙa sulalewa zuwa Togo da sauran maƙwabta da dare, har hukumar kokon Gana ta ce wajen tan 160,000 ya fita ta ɓarauniyar hanya a kakar 2023 zuwa 2024. Buhun da ya ƙetare iyaka haka ya rabu da sunan gonarsa, sai ya ari na wata. Mun ga irin wannan da shinkafa. Benin takan sayo shinkafar waje fiye da abin da mutanenta ke ci, ta sauka a Kwatano, ta san hanyar Nijeriya. Domin haka aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, aka buɗe huɗu a Disamba 2020, ta Kamba kuwa sai a Afrilu 2022. Shinkafar ba ta daina shigowa ba, tsada ta ƙara, buhu kuma ya koyi sāke riga. Ta ɗaya gefen, shansherar da aka noma a fadamar Malanbil in ta shigo kasuwa wannan gefe ta shiga injin casa, wa zai ce ba shinkafar Kebbi ba ce? Gona ɗaya ma wani lokaci kanta na Nijeriya ƙafarta na Benin.

Shinkafa ba ta cikin abu bakwai ɗin nan. Shanu na ciki, kuma dokar ta ce sai an faɗi duk wuraren da aka yi kiwon dabba. Ka auna wannan da Bafulatanin da ke damina a Ka'oje ya yi rani a dajin Bargu na Benin. Sa'ar da aka yi ita ce naman shanunmu a gida ake cinye shi, har fatar ma ganda take zama, fatun da Kano ke fitarwa kuwa galibi na awaki da tumaki ne, su ba a sa su ba. Waken suya na ciki, gawayi ma yana ƙarƙashin katako. Kada kuma a ce abin yana nesa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Da yake ba a san ko daga wane rumbu ko wace kasuwa mai laifin ya fito ba, sai hanin ya hau kan ƙasa duka, da mai zuba magani da wanda bai taɓa zubawa ba.

Akwai kuma wani abu na dajinmu da ke shiga cikin cakulan ɗin kansa, watau kaɗanya. Tun shekarar 2000 dokar Turai ta yarda a sa waɗansu mayuka na itace a madadin man koko har kashi 5 cikin 100, man kaɗe kuwa yana cikinsu, don yana daskarewa yana narkewa kusan yadda man koko ke yi. Da koko ya yi tsada sai neman ƙwarar kaɗe ya ƙaru, har Gwamnatin Nijeriya ta dakatar da fitar da ɗanyarta na wata shida a watan Agusta 2025, don a riƙa matse man a gida. Kaɗanya ba ta cikin dokar 2023. Ita ba shuka ta ake yi ba, a gonaki da saura da daji take fita da kanta, daga kudancin Kebbi har cikin Bargu, gefen nan da gefen can. Mata ke fita da asuba farkon damina su tsinto, su dafa, su shanya, su fasa, su kai kasuwa a sayar da mudu. Mai saye ya juye na wannan a kan na waccan har buhu ya cika, ya ɗinke bakinsa, a jefa a mota.